Kuɓewar Inna da Ramin da Tasalla Ta Kwashe

Ku matso kusa, ku bar mintsinin juna. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wata mata ce, sunanta Tasalla, mai tsabta, mai zafin zuciya kamar garwashi. Mahaifiyarta ta rasu ta bar mata abu biyu. Ɗaya ƙoƙo ne cike da irin farar kuɓewa, wadda babu irinta a garin nan kaf. Ɗaya kuma rami ne a bayan ɗaki, inda tsohuwar take zuba kashin awaki da toka da ganye, ta rufe da ƙasa.

Ana share makoki, sai Tasalla ta kira Na'Allah mai jaki.

"Kwashe mini wannan ƙazanta!"

Ya ce, "Haba Tasalla, takin nan ya nuna fa. Shekara guda yana kwance."

"Na tambaye ka? Kwashe ka ba ni wuri!"

Sai ya kwashe, mangala uku, ya tafi. Kun ji wauta? Ni har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Damina ta sauka. Sai Tasalla ta raba irin kashi uku, ta shuka na farko. Ya tsiro, amma a ganinta ba ya sauri. Sai Kaza ta zo tana yanga.

"Uwar gida, duk duniya babu taki kamar nawa. Ki kwasa da ɗuminsa ki zuba."

Sai ta kwaso ɗanyen kashin kaji ta lafta a gindi. Kwana biyu, shuka ta ƙone ƙurmus. Tasalla ta bi Kaza da muciya har bayan rumbu.

"Munafuka, kin cuce ni!"

Sai ta shuka kashi na biyu. Murhu ya ce, "Rabu da Kaza. Toka ita ce magani. Kwashe ni duka." Ta kwashe shi tas, ta jibge a kan shuka. Ganye ya yi ɗorawa, ya yamutse, ya zube. Ta shuri Murhu da ƙafa, yatsanta ya fashe, shi ko gezau.

Saura kashi ɗaya. Ta shuka, ta tafi kasuwa wurin mai takin zamani. Shi dai mutumin nan bai ɓoye mata komai ba.

"Baiwar Allah, ɗan tsunkule za ki sa, nesa da gindi, ki bi da ruwa."

"Ɗan tsunkule? Kuɓewar uwata za ka yi wa rowa?"

Ta dawo ta juye ludayi guda a gindin kowace shuka. Washegari kafin la'asar duk sun kwanta. Ta leƙa ƙoƙo, ko ƙwaya ɗaya babu. Sai ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu a ka. Abin da uwarta ta riƙe shekara arba'in, ita ta kashe shi a damina ɗaya.

Tana cikin kuka, sai ga tsohuwar Tana ta fito daga ƙasa, tana jan jiki za ta bar gidan.

Tasalla ta ce, "Ke kuma ina za ki?"

"Inda ba a ƙona mu. Uwarki ba ta taɓa ba shuka ɗanyen abinci ba. Kullum da safe takan cusa hannu cikin ramin can. In ta ji zafi, ta jira. In ya huce, ya yi baƙi, yana ƙamshin ruwan fari, sannan ta ɗiba. Ke kuwa kika kira jaki."

Sai Tasalla ta miƙe, ko takalmi babu, sai gidan Na'Allah. Tun daga nesa ta hango farar kuɓewa ta wuce danga tsawo. Ashe mahaifiyarta takan jefa busassun 'ya'yan kuɓewa a ramin, su ne suka tsiro inda ya zube takin.

Ta durƙusa, ita da ba ta taɓa durƙusa wa kowa ba.

"Malam Na'Allah, don Allah ka sam mini iri."

Ya dube ta. Sai ya tsinko busasshiya guda ɗaya ya miƙa mata.

"Iri na ba ki. Taki kuwa ba ni da saura, sai kin yi naki. Shekara guda ce, Tasalla, ko kin yi fushi ko ba ki yi ba."

Ta koma gida ta saka irin a ƙoƙo. Ta ɗauki fartanya ta haƙa rami a daidai inda na da yake. Ta zuba kashin awaki da na kaji, da ganye, da 'yar toka kaɗan, ta rufe.

Bayan kwana bakwai ta cusa hannu. Zafi ya sa ta zare shi da sauri. Ta tsaya tana kallon tafinta, hawaye na zuba.

"Inna, ki yafe mini. Ashe abincinmu kike dafawa, na kira shi ƙazanta."

Kurunkus kan kusu, ta ƙare a bakin ramin Tasalla. Ku kuma, in kun ga babba yana ajiye abin da ba ku gane ba, ku tambaya kafin ku zubar. Kai Ɗanlami, kai nake nufi, da ka watsar mini da tokata jiya!