Manomin da Kunyar Suruki ta Hana Shi Tashi

Akwai wani mutum manomi a wani ƙauye, dattijo mai ƙarfin jiki, wanda ba a taɓa ganinsa a zaune da rana tsaka ba. Bayan kaka ya hau kan rumbunsa zai gyara jinka, sai ƙafarsa ta zame, ya faɗo da baya. Da aka zo ɗaga shi, ƙafafunsa suka ƙi amsawa. Aka kai shi babban asibiti a birni, likitoci suka yi masa aiki a ƙashin baya, Ubangiji kuwa ya sa aka dace.

Ran da za a sallame shi, likitan ya ce masa, "Baba, namu aikin ya ƙare, saura naka. Ƙashin da ya danne jijiyoyin mun ɗauke shi, amma jijiyoyin ƙafarka kamar barci suke yi, ba kuwa abin da zai tashe su sai tafiya. Kullum a sami mai ƙarfi ya riƙe ka, ka miƙe, ka taka ƙasa. Jikinka zai yi rawa, za ka faɗi, ba komai. Amma in ka bar ƙafafun nan a kwance har ruwa ya sauka, za su ƙage, ni ma ba ni da maganin wannan."

Manomi ya ce, "To, likita, na ji."

Mutumin nan ba shi da ɗa namiji. 'Ya ɗaya gare shi, sunanta Tabita, tana aure a nan cikin ƙauyen. Mijinta Dogara ƙato ne, mai saɓa buhun masara shi kaɗai. Matar manomin ta manyanta, ba ta iya ɗaga shi, maƙwabta kuma kowa da hidimar gidansa. Mai ƙarfin da likita ya faɗa dai, Dogara ne, ba wani.

Kun san yadda muke da surukai. Mijin 'ya ba ya haɗa ido da uban matarsa, ba ya cin abinci a gabansa, in zai gaishe shi sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa daga nesa. Al'ada ce mai kyau, ban ce a yar da ita ba. Amma ku ga abin da mutumin nan ya yi da ita.

Dogara ya saro itacen dashi, irin wanda ake shinge da shi, ya kakkafa a tsakar gidan, ya ɗaura dogayen gora biyu a kai daidai kugu, yadda mutum zai shiga tsakani ya dafa dama da hagu. Da ya gama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa, ya ce, "Baba, ga wurin koyon tafiya an gama. In ka yarda, sai in riƙe ka."

Manomi ya kau da kai ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Sai gobe."

Da Dogara ya fita, manomi ya dubi matarsa ya ce, "Maman Tabita, kin ji yaron nan? Wanda ya durƙusa a gabana yana neman aure, shi zai sa hannu a hammatata, ya ga gwiwata tana rawa, ina tatata kamar ɗan yaye?"

Ta ce, "Maigida, kunyar nan ce za ta yi maka noma bana?"

Ya ce, "Bari ƙafafun su yi ƙarfi tukuna. Rana ɗaya zan miƙe kawai, a gan ni ina tafiya kamar dā."

Jama'a, ku ji mini wannan magana! A kan tabarma ƙafa za ta yi ƙarfi? Wallahi in na tuna wurin nan raina ɓaci yake yi. An tsaga bayan mutum, an ɗinke, an gaya masa abin da zai yi da baki, ba a ɓoye masa komai ba, ya ce ya ji, ga shi yanzu yana shirya wa kansa wata hanyar dabam.

Sai masu dubiya suka fara zuwa. Kowace safiya matarsa da 'yarsa su jawo shi a kan tabarma zuwa gindin mangwaron da ke tsakar gida. Ya sa babbar rigarsa, ya kafa hula, a lulluɓe masa ƙafafu da bargo. Dattawa su zo, dangi su zo, zumuntar matan coci ta zo da waƙa da kwanon kunu.

"Sannu Baba, yaya jiki?"

"Da sauƙi, mun gode Allah."

"Madalla. Kada ka wahalar da kanka fa, ka huta sosai."

Ya huta kuwa. Ya sha kunu, ya ci ayaba, har kumatu suka fito, kowa ya zo ya ce, "Kai, Baba ya murmure!" Cikin dukan mutanen nan ba wanda ya ɗaga bargon ya duba, ba wanda ya ce, "Yau ka taka ƙasa?" Ai ba a yi wa babba irin wannan tambaya. A ƙarƙashin bargon kuwa ƙafafun suna ta ramewa.

Gorar nan da aka ɗaura domin tafiya, da farko matar gidan ta fara shanya a kai. Daga baya aka ɗaure akuya a jikinta. Dogara bai fasa zuwa ba, kowace safiya ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya ce, "Baba, yau fa?" A ce masa, "Sai gobe." Shi ma ya ce to, ya tashi ya tafi. Har bazara ta shigo, itacen dashin nan da aka sare aka kafa ya yi toho, ya fid da ɗanyen ganye, mai gidan kuwa yana nan inda aka ajiye shi.

Sai ya zama wata ranar kasuwa, matarsa da 'yarsa suka tafi, masu dubiya suka watse. Ba kowa a gidan sai Dogara, yana zaune a bakin zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Hadari ya taso daga gabas, iska ta fara kaɗa mangwaron.

Dogara ya ce, "Baba, in kai ka ɗaki?"

Ya ce, "Bar ni, yanzu zai wuce."

Bai wuce ba. Ruwa ya kece, ruwan fari, ƙamshin ƙasa ya tashi. Duk manomi ya san wannan ƙamshi, kiran shuka ne. A nan maganar likita ta faɗo masa a rai, tsoro ya kama shi. Ya yaye bargon, ya ja jiki da hannu cikin taɓo har wurin gorar, ya kama, ya ɗago da dukan ƙarfinsa. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya kifa da fuska. Hula ta yi can, rigar ta tattare, ga ƙafafun a fili, sirara kamar karan dawa.

Dogara ya yar da fartanya ya sheƙo a guje, takalmin ma bai tuɓe ba. Ya ce, "Baba, ka gafarce ni, yau kam ba zan ji maganarka ba." Ya sa hannu a hammatarsa ya ɗaga shi tsaye. Ƙafar hagu ta taka ƙasa, ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya. Ta dama kuwa ta ƙage a gwiwa, ta ƙi miƙewa.

Waɗansu masu dawowa daga kasuwa sun fake a zauren, suna ganin komai. Dattijon ya rufe ido yana jiran dariya, amma ba wanda ya yi. Wata tsohuwa ce ma ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Baba ya miƙe!" Sai manomi ya fashe da kuka cikin ruwan nan, ya ce, "Dogara, kada ka sake ni."

Dogara ya ce, "Ina nan, Baba."

Daga ranar aka kwance akuya, aka kwashe shanya. Dattijon ya taka, ya faɗi, aka ɗaga shi, ya sāke takawa, a gaban kowa. Da suka koma asibiti likitan ya duba ya ce, "Baba, me ya hana ka tun tuni?" Ƙafar hagu ta warke sarai. Ta dama ba ta ƙara miƙewa ba. Ya yi tafiya, amma da sanda, yana jan ƙafa, bai kuwa sāke riƙe garma ba. Gonarsa Dogara ne ya ci gaba da nomawa, kuma duk ranar da dattijon ya so ganin yabanyarsa, surukin nan ne yake riƙe shi zuwa can, ya riƙo shi zuwa gida, har iyakar ransa.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa. Aikin da aka yi wa mutumin nan a baya, shi ne aikin da Ubangiji ya yi a cikinmu sa'ad da ya cece mu. Wannan ba mu da hannu a ciki, a kwance muke aka yi shi, an kuwa gama shi lafiya. Amma bayan an cece ka, tafiyar bangaskiya koyonta ake yi, da rawar gwiwa, da faɗuwa, da hannun wani a jikinka.

Ga wanda ya tuba daga shan giya, ya san ƙafarsa ba ta yi ƙwari ba, amma ba zai gaya wa kowa ba, wai sai ya daina gaba ɗaya tukuna a gan shi tsaf. Ga wadda ta yi shekaru ba ta magana da ƙanwarta, tana jiran zuciyarta ta huce da kanta kafin ta je. Ga dattijon da bai iya addu'a a gaban iyalinsa ba, yana kuwa jin nauyin ya ce wa ɗansa ya koya masa. Dukanku kuna kan tabarmar nan. Ran Lahadi ku sa babbar riga, ku ja bargo, a ce yaya jiki, ku ce da sauƙi. Haba! Wane sauƙi?

Mu ma masu dubiya ba mu fita ba. Mun iya kai kunu, mun iya waƙa, amma tambayar da za ta taimaki ɗan'uwa sai mu haɗiye ta, wai ladabi. Ko Dogara ma ina da magana da shi. Ladabinsa ya yi tsawo ƙwarai. Da ya ƙi jin "sai gobe" tun da rani, da surukinsa ya koma huɗa a gonarsa.

Sau da yawa kuwa, mai riƙon da Ubangiji yake aiko maka, shi ne ainihin wanda ba ka so ya ga rauninka, ko matarka, ko ƙaninka, ko wanda ka girme shi nesa ba kusa ba. Ba za a sāke maka wani ba domin ka ji daɗi. Ubangiji mai jinƙai ne, ya ba manomin nan ƙafa ɗaya bayan dukan taurin kansa, amma ɗayar ta tafi, kunya kuwa ba ta biya shi ba.

Saboda haka kada kowa ya fita daga ɗakin nan yau ya ce mini, "Malam, na ji." Manomin ma ya ce ya ji. Kai ka san ƙafar da kake ɓoyewa, ka kuma san wanda yake zuwa ƙofarka kullum yana cewa, "Yau fa?" In an tashi sujada, je ka same shi tun ruwa bai sauka ba, ka ce masa, "Riƙe ni."