Dokar Ƙolin Rimi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Shaho da Kurciya ke gasar kai saƙo a dawa. Da kasuwar Kurciya ta fi tasa, sai Shaho ya kai wa Zaki gaisuwa. Zaki ya kafa doka: ba mai kai saƙo sai mai sheƙa a ƙolin rimi.

Ɗan Bushiya ya kwanta ciwo, ta roƙi Shaho ya kira mai magani.

Ya ce, "Ba na aiki da mazauna rami."

Ta ce, "Kurciya, ƙanwata, agaje ni."

Kurciya ta ce, "Yaya, fikafikaina lafiya lau, doka ce ta ɗaure su."

Kafin la'asar ɗan ya cika. Kukan Kurciya da kuke ji har yau ta'aziyya ce, saƙon da doka ta bar mata ke nan.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, wanda ya ji ya kai gaba.