Goyon Dutse a Hanyar Rarrafe

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, an yi wani sarki a Birnin Zaunau mai suna Jatau, wanda ƙasarsa ta yi suna saboda Dutsen Hantsi. Jama'a kan zo daga nesa su hau, su sha ruwan marmaron da ke ƙololuwarsa. Hanya biyu ce: Doguwa, wadda ke kewaya dutsen, ko tsoho ya bi ta da sandarsa, da Rarrafe, wadda sai an tuɓe takalmi an kama tsagar dutse da hannu. Sharaɗin Gajimare, aljanin da ke riƙe da dutsen, guda ne: kowa ya sauko ta inda ya hau. Shi ya sa tun kakanni ake zaunar da tsofaffin mata a mararraba, suna faɗa wa duk mai hawa.

Sarki Jatau ya ga suna jawo cunkoso, ya sa aka tashe su. Sakaci ne wannan, kada wani ya kira shi ƙaddara. Baƙi suka riƙa hawa ta Rarrafe don burgewa, su juyo ta Doguwa saboda gajiya, su ƙame su zama duwatsu a gefen hanya. Cikinsu har da Yarima Mantau na ƙasar gabas, wanda aka yi wa baiko da 'yar sarki, Gimbiya Tasalla.

Da labarin ya iske Tasalla ba ta yi kuka ba. Ta ci abincin da aka kawo mata, ba ta ji ɗanɗanonsa ba. Da gari ya waye ta ajiye takalmanta a mararraba ta kama Rarrafe. Tafukanta suka tsage, tana kallon jinin kamar na wani.

A bakin marmaro ta tarar da Gajimare, ta ce ya hukunta mutane kan dokar da ba wanda ya sanar da su.

Ya ce, "Ya 'yar sarki, ban kori mai faɗa ba, ban kuma sauya sharaɗi ba. Wanda ya ƙame, a goyo shi a dawo da shi nan, a saukar da shi ta inda ya hau, zai tashi. Mai zuwa goyo ba zai ƙame ba, muddin ya dawo nan."

Ta gangara ta Doguwa ta sami Mantau a ƙame, ƙafa ɗaya a ɗage. Ta ɗaure shi a bayanta da gyale, ta hau da shi, sannan ta bi Rarrafe da baya da baya, fuskarta a jikin dutse. Kusa da gindi ta ji numfashinsa a ƙeyarta. Ta ci gaba da neman wurin sa ƙafa.

Sarki ya so a buga tamburan murna. Tasalla ta durƙusa a gaban fadawa ta ce, "Allah ya ja zamaninka, Baba. Masu dangi za a zo a goye su. Akwai baƙin da ba su da kowa. Kai ka tashi matan nan, kai za ka goyo su."

Sarki ya dubi waziri, waziri ya dubi ƙasa. Sai sarki ya cire alkyabba.

Aka mayar da matan mararraba. Ranar da aka ɗaura auren Tasalla da Mantau, waziri ne ya tsaya waliyyi, domin sarki yana tsakiyar Rarrafe, ba takalmi, da wani baƙo a bayansa wanda ba a san sunansa ba.