Kujerar Mai Zaman Banza

Lokacin da nake shugaban ƙaramar hukumarmu, na sayi wata madaidaiciyar jif mai sanyin esi da kujeru masu laushi kamar katifa. Sai dai bayanta ya yi wa tumbina kaɗan, don haka gaba nake zama kusa da direba, wurin da ake kira kujerar mai zaman banza.

Ranar da muka kama hanyar ƙauyenmu, gargada ta buga kaina da rufin mota har hulata ta lotse.

Na ce wa direbana, "Nomau, dillali ya rantse ko shayi ba ya zuba a motar nan. In na ƙara jin rami ɗaya, a bakin aikinka!"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a kwaltar birni ka ji gargada?"

Na ce, "Ban ji ba."

"To, mota lafiyarta ƙalau. Abin da ya lalace yana ƙarƙashin taya, kuma mutum ɗaya ne zai iya gyara shi a duk yankin nan. Shekara uku aikin na hannunsa, bai taɓa ba."

Na fusata. "Wane malalaci ne wannan? Faɗa min inda yake, yau sai ya gane kurensa!"

"Ba sai an je nema ba, ranka ya daɗe. Yana kujerar mai zaman banza."

Na duba hagu, Nomau ne riƙe da sitiyari. Na duba dama, sai ga wani mai lotsattsiyar hula yana hararata a madubin gefe.