Kwana Goma Sha Biyu da Harira Ta Kame Bakinta

Akwai wata mata a Unguwar Shanu cikin garin Kaduna, sunanta Harira Balarabe. In ka tambayi maƙwabtanta me take yi, za su ce maka "aikin kwamfuta", su tsaya nan. Ko mijinta Ahmad sai da suka shekara biyu da aure kafin ya iya bayanin aikin nata ba tare da ya yi inda-inda ba.

Ga yadda abin yake. Akwai wata babbar manhaja ta kyauta mai suna Rumbu, irin wadda kwamfuta ke tashi da ita. 'Yan sa-kai ne suka haɗa ta, kuma ƙananan asibitoci da makarantu da yawa sun dogara da ita. A cikinta akwai wata ƙaramar manhaja da masu aikin ke kira ƙofa. Ta nan mai kula da kwamfuta yake shiga daga nesa, yana zaune a ɗakinsa ya gyara na'urar da ke wani gari.

Harira ce mai kula da wannan ƙofa. In aka gano ɓaraka a jikinta, ita ke yi mata faci, ta gwada, ta saki ga jama'a. Aiki ne da ba a yi wa mai yinsa tafi. In komai na tafiya daidai, ba wanda ma ya san da ita.

Wata Laraba da hantsi, saƙo ya shigo mata daga mutanen da suka ƙirƙiri ƙofar tun asali, can ƙasar waje. An gano ɓaraka babba. Ɓarawo zai iya shiga kwamfuta ba tare da kalmar sirri ba, ya kwashi abin da ya ga dama.

A ƙasan saƙon akwai sharaɗi. Kada kowa ya ji sai nan da kwana goma sha biyu, ranar Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya na safe. A wannan lokacin ne duk masu faci na duniya za su saki gyaransu tare.

Wannan al'ada ce ta masu aikin, kuma Harira ta yi alkawari a kanta tun ranar da aka saka ta cikin waɗanda ake gaya wa irin wannan sirri. Dalilin a fili yake. In labari ya fita kafin faci ya haɗu, ɓarayi ne za su fara amfana da shi, masu kwamfuta kuwa ba su da abin kare kansu.

Ta karanta saƙon sau biyu. Mutum ɗaya ne ya faɗo mata a rai, Baba Ezekiel.

Baba Ezekiel dattijo ne ɗan kudancin Kaduna, mazaunin Rafin Guza. Shi ya koya mata kwamfuta a wani ɗan shago a Kawo, lokacin da ko madannan rubutu na kwamfuta ba ta iya taɓawa ba. Shi ya zo har gida ya lallashi mahaifinta ya bar ta ta ci gaba da karatu. Ranar bikinta kuwa, a layin iyaye ya zauna.

Yanzu gwiwa ta hana shi yawo. Daga gida yake kula da kwamfutar wani ƙaramin asibiti a Katabu, ta wannan ƙofar dai. A cikin kwamfutar akwai sunayen marasa lafiya da sakamakon gwajin jininsu, har da cututtukan da wasu ko iyalansu ba su gaya wa ba.

Harira ta fara aiki. Facin da aka aiko tare da saƙon bai hau kan tsohon samfurin ƙofar da ke cikin Rumbu ba, dole ta zauna ta sake yanka shi layi-layi har ya dace. Kuma tana bukatar tsohuwar na'ura ta gwaji. Ba ta yi dogon tunani ba, ta kira Baba Ezekiel ta roƙe shi aron guda. Nan ta yi kuskure, domin tsohon ya fi shekara talatin a sana'ar.

Ranar Asabar bayan azahar sai ga shi da kansa a keken haya, na'urar a cinyarsa. Ahmad ya karɓa, aka shigar da shi falo, aka kawo zoɓo mai sanyi. Bayan gaisuwa, ya ɗago ya dube ta.

Ya ce, "Harira, mai neman tsohuwar na'ura da gaggawa ba don sha'awa yake nema ba. Akwai matsala a ƙofar, ko?"

Ta ce, "Baba, ba zan ce akwai ba, ba zan ce babu ba."

"Ni kike gaya wa haka?"

"Ko wace rana ka tambaye ni, Baba, amsar ke nan. Ko da akwai, ko da babu."

Ya gyara zama. "Ban ce ki ba ni takarda ba. Ki ce mini e kawai, ki gaya mini ta wane gefe ne. Sirrin mutane ne a hannuna. In aka kwashe shi, da wane ido zan dubi matan Katabu?"

Ta sunkuyar da kai.

Ya ce, "To, na gane. Kin zama babba, kina magana da Turawa. Ni da na riƙe yatsunki na ɗora a kan madannai, yau ni ne ba a yarda da ni ba."

"Wallahi ba haka ba ne, Baba."

Ya miƙe da ƙyar, yana dafa kujera. Ya ce, "Ki riƙe na'urar, ki yi aikinki." Ya fita, ko kurɓa ɗaya bai yi wa zoɓon ba.

Jama'a, wannan fita ta yi wa Harira ciwo. Da ya zage ta, da ya fi mata sauƙi.

Ahmad ya dawo daga rakiya ransa a ɓace. Ya ce, "Haba Harira. Mutumin nan ubanki ne. Wa zai sani in kin raɗa masa?"

Ta ce, "Ni zan sani."

"Ai ba ɓarawo ba ne."

"Na sani. Mutumin kirki ne, shi ya sa nake tsoro. Ba zai iya ji ya bar abokan aikinsa cikin duhu ba. Su ma kowa yana da wanda ba zai iya ɓoye wa ba. Kuma asibitin Katabu ba shi kaɗai ne ke bayan ƙofar nan ba."

Ahmad ya girgiza kai ya bar maganar, amma ta ga bai gamsu ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mata tsawo. Kullum da safe tana tura wa Baba Ezekiel gaisuwa, ya karanta, ba amsa. Ranar Talata ta rubuta masa, "Baba, ka rufe ƙofar asibitin har zuwa Litinin." Ta daɗe tana kallon rubutun, yatsanta a kan wurin turawa. Ta san tsohon, daga wannan jimla ɗaya zai fahimci sauran. Ta goge, ta kifa wayar, ta yi kuka mai isarta.

Sannan ta koma kan aiki. Facin ya ƙi ta sau huɗu. In ta toshe ɓarakar sai ƙofar ta ƙi buɗewa har ga mai ita, kuma irin wannan gyaran ya fi ɓarna muni, don zai hana mutane shiga na'urorinsu. Ta warware, ta sake. Wuta ta ɗauke, Ahmad ya tayar da janareta. Sai ranar Juma'a kafin la'asar tsohuwar na'urar Baba Ezekiel ta karɓi facin lafiya. Ta so ta kira shi ta yi masa albishir, kamar yadda ta saba tun tana ɗaliba. Babu hali.

Abin da ya fi damunta shi ne tsoro. Idan wani ɓarawo ya gano ɓarakar da kansa a cikin kwanakin nan, ya shiga asibitin, me za ta ce? Addu'a kawai take yi a kowace salla.

Litinin ta zo. Ƙarfe goma sha ɗaya daidai ta saki facin, sanarwa ta fita duniya. Minti ɗaya bai cika ba ta kira Baba Ezekiel. Wayar ta yi ta ƙara har ta tsinke. Ta sake kira, ta sake, sau bakwai. Ta tura saƙo, ba a buɗe ba.

Ta san kwamfutar asibitin ba ta ɗaukar gyara da kanta sai shi ya ba ta umarni. Ta kuma san cewa yanzu ɓarayi ma suna karanta sanarwar. Ta kwafi facin a filasha, 'yar na'urar ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, ta zura hijabi, ta hau keke zuwa Kawo, daga nan ta shiga motar Katabu.

A asibitin ta tarar da Sista Jummai, babbar nas ɗin wurin. Ta yi mata bayani a gurguje, ta roƙi a bar ta ta cire wayar intanet, wato igiyar da ke haɗa ta da waje, daga bayan kwamfutar.

Sista Jummai ta ce, "'Yar'uwa, ban san ki ba. Baba ya ce kada kowa ya taɓa na'urar nan."

"Kin yi daidai, Sista. Ki kira shi da wayarki, ke zai ɗauka."

Sista Jummai ta kira, ya ɗauka a bugu na biyu. Ta gaya masa wadda ke tsaye a gabanta da abin da take so. Can ya ce, "Ki bar ta ta cire. Ga ni nan zuwa."

Ƙarfe biyu saura ya iso yana ɗingishi. Harira ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice bai dube ta ba. Ya zauna ya saka kalmar sirrinsa, ta miƙa masa filashar. Suka ɗora facin, suka gwada, suka mayar da wayar intanet. Duk wannan ba su yi magana goma ba.

Kowace kwamfuta irin wannan tana rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarta, da lokacin. Baba Ezekiel ya buɗe wannan rajista. Ya duba kwana goma sha biyun da suka wuce, layi bayan layi. Ba wanda ya taɓa gefen da ɓarakar take.

Suna cikin dubawa, sabon layi ya faɗo. Ƙarfe biyu da minti ashirin, wani daga wata ƙasa ya gwada ɓarakar, ƙofar ta ƙi. Wani ya biyo. Kafin Sista Jummai ta kawo musu ruwa, layukan sun cika fuskar kwamfutar, kowanne ya zo ya koma hannu wofi.

Tsohon ya cire tabarau ya share ido. Ya ce, "Awa uku. Daga jin labari zuwa ƙofarmu, awa uku da 'yan mintuna."

Ya zaro wayarsa, ya buɗe zauren WhatsApp na masu gyaran kwamfuta na Kaduna, ya miƙa mata. Akwai rubutun da ba a tura ba: "'Yan'uwa, akwai babbar ɓaraka a ƙofar shiga daga nesa. Daga majiya mai ƙarfi. Kowa ya yi hattara."

Ya ce, "A cikin keke na rubuta shi, ranar da na zo gidanki. E ɗinki kawai nake jira. Mu ɗari biyu da arba'in ne a zauren nan, rabinsu ko fuskarsu ban sani ba. Da kin amsa mini, kafin in isa gida na tura. A lokacin kuwa babu faci ko ɗaya a hannun jama'a, sauran kwana tara."

Harira ta mayar masa da wayar, ta durƙusa a gefen kujerarsa.

Ya goge rubutun a gabanta. Ya ce, "Ɗazu ina ganin sunanki na kifa wayar. Fushina ya kusa ba da sirrin mutanen nan, ke kuma kika hawo mota kika zo. Ki yafe mini, 'yata."

Ta ce, "Baba, kai ne za ka yafe mini. Kwana tara ban yi barcin kirki ba."

Ya ce, "Ba ki yi mini laifi ba. Tashi daga ƙasan nan, ki ja kujera. Nuna mini yadda kika yanka facin."

Darasi: Amana ba ta da wuyar riƙewa a gaban baƙo. Wuyarta tana gaban wanda kake ƙauna, wanda ya yi maka alheri, wanda kuma niyyarsa mai kyau ce. In an ba ka sirrin da ya shafi jama'a, ka riƙe shi har lokacinsa ko da za a yi fushi da kai, in lokacin ya yi kuma ka zama na farko da zai ruga ya taimaka. Kai kuma da aka ce wa "ba zan iya faɗa ba", kada ka ɗauke shi raini, wataƙila kai ma ake karewa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan aiki, musamman waɗanda sirrin mutane ke hannunsu.