Rabin Ƙwayar Iya Tabawa

An yi wani mutum, wani bawan Allah da ake kira Malam Mati, malamin asibiti a wani ƙauye can nesa. Likita sai birni, tafiyar yini guda, don haka ta waya ake duba marasa lafiya. Wayar ma ba ta kamawa sai an hau tudun bayan gari.

Rannan ya hau, ya karanta wa likita awon jinin wata tsohuwa, Iya Tabawa. Likita ta faɗi ƙwayar da za a ba ta, ta ce, "Ka ba ta rabi, sau biyu." Layi ya cinye "rabi", ya cinye "sau". Mati ya ji "biyu", ya riƙa ba ta ƙwaya biyu-biyu.

Bayan kwana biyu Iya ta kasa tashi. Jiri, gumi, hannu sanyi ƙalau. 'Ya'yanta suka ɗauko ta a amalanke, Mati yana biye. Suna isa tudu, saƙon da likita ta rubuto tun shekaranjiya ya shigo wayar Mati: rabi. Mati ya karanta shi kaɗai, ya kira likita.

Ku saurara, jama'a. Likita ta ce a kara wa tsohuwa wayar. "Iya, yaya jiki?"

Kun san halinmu. Mutum yana bakin kabari, ka tambaye shi, ya ce da sauƙi. Iya ta dubi Mati, ta yi masa kara. "Da sauƙi, 'yar nan."

"Madalla. A ci gaba da magani."

Ba wanda ya sani fa, ba wanda ya sani. Mati zai iya komawa ba ta rabi a ɓoye, mutuncinsa ya tsira. To abin da ya riga ya shiga jikinta fa? Bai san makarinsa ba, ga layi yana ƙoƙarin ɗaukewa.

Ya karɓe wayar a gaban 'ya'yanta. "Likita, babu sauƙi. Kuskurena ne, biyu-biyu nake ba ta."

"Innalillahi! Tsayar da maganin, ɗaga ƙafafunta, sa mata ƙarin ruwa yanzu!" Layi ya ɗauke.

Da la'asar Iya ta nemi koko. Babban ɗanta kuwa sai da ya shekara bai gaida Mati ba, Mati ya haƙura.

Jama'a, likitan waya bakinku ne idonsa. Kai da ke riƙe wa mahaifiyarka waya, faɗi abin da kake gani, ko da laifinka ne. Gara a ƙi gaishe ka da a zo maka gaisuwar mutuwa. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya.