Na-Ɗaya da Wasiƙar Shaida

Akwai wani ma'aikacin kamfanin tace ruwan sha da kowa ke kira Na-Ɗaya. Tun a jami'a sunan ya bi shi, domin bai taɓa zuwa na biyu a jarabawa ba. Shi ma yana son sunan, har ya fi saurin amsa shi a kan sunansa na gaskiya.

A ɗakin gwaje-gwaje yake aiki. Kowace safiya a jera masa kwalaben ruwa daga unguwa-unguwa, ya ɗiga sinadari, ya duba launi, ya rubuta sakamako. Shekara tara ba a taɓa kama shi da kuskure ba, amma shi kullum cikin kama na wasu yake. In abokin aiki ya kawo rahoto, da jan biro yake mayar masa. In an gaishe shi sai ya kaɗa kai kamar ƙadangare. Ba ya zuwa barka, ba ya zuwa jaje.

Matarsa ma shekara biyu ta iya. Ranar da za ta tafi, ta ce ta gaji da zama da mutumin da in ta ce tana son sa sai ya gyara mata jimlar. Tun daga nan shi kaɗai ya rage a ɗakinsa na hawa na uku, da kujera ɗaya, da kofi ɗaya, da littattafai har kusa da silin.

Wata Litinin aka manna sanarwa a allon ofis. Kamfani zai ɗauki nauyin ma'aikaci guda ya je ya yi digiri na biyu, muddin jami'a ta karɓe shi, kuma bai cika shekara talatin da biyar ba. Na-Ɗaya saura wata huɗu ya cika. Wannan ce damarsa ta ƙarshe.

Ya buɗe shafin jami'ar ya karanta sharuɗɗan shiga. Digirin farko da bai gaza daraja ta biyu ba. Ya yi murmushi, nasa daraja ta ɗaya ce. Takardar sakamakon darussa daga tsohuwar makaranta, tana cikin jakarsa. Shafi uku na bayanin binciken da mutum yake son yi, a zama ɗaya ya rubuta shi.

Sai sharaɗi na ƙarshe: wasiƙar shaida guda biyu, ɗaya daga shugaban wurin aiki, ɗaya daga malamin da ya koyar da shi a jami'a.

"Wannan ai ba komai ba ne," in ji shi.

Ya fara da shugaban sashensu. Shugaban ya karɓi fom ɗin, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallonsa.

"Na-Ɗaya, zauna mana. Shekara tara, ban taɓa ganin ka a kujerar nan ba."

"Sauri nake yi, ranka ya daɗe."

"To. An ce in faɗi abin da na sani game da kai. Na san ƙarfe takwas kana nan. Na san lissafinka ba ya karkata. Bayan wannan, wallahi ko unguwar da kake ban sani ba."

Layi biyu shugaban ya rubuta, ya sa hannu, ya buga hatimi. Na-Ɗaya ya karɓa ransa a ɓace, amma dai an samu ɗaya.

Ta biyun ce ta zama ƙarfen ƙafa. Ya je tsohuwar jami'arsa, karo na farko tun da ya karɓi takardarsa. Sakatariyar sashe ta ce malamin da ya duba binciken kammalawarsa ya rasu shekara shida da suka wuce.

"Ba ka ji ba? Ai ɗalibansa sun cika wurin nan maƙil."

Bai ji ba. Wa zai gaya masa? Tun ranar da aka sa shi a zauren 'yan ajinsu na waya ya fice.

Wasu malaman biyu sun koma ƙasashen waje. Ya aika musu saƙo sau uku. Ɗaya ya yi shiru, ɗaya ya amsa da cewa ya yi haƙuri, bai tuna shi ba. Sakatariyar ta ce saura mutum guda, wani tsohon malami da ya yi ritaya, ta rubuta masa kwatancen gidan.

Yana ganin sunan ya gane shi. A shekararsu ta ƙarshe wannan malamin ya taɓa yin kuskure a allo, Na-Ɗaya ya miƙe a gaban ɗalibai ɗari da wani abu ya ce, "Malam, ko in zo in karɓi allin?" Aji ya fashe da dariya. Malam ya goge ya gyara.

Kwana uku yana juya takardar kwatancen a aljihu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saura mako guda a rufe karɓar fom, ya shirya ya tafi.

Gidan ƙarami ne a ƙarshen layi, ciyawa ta cinye rabin tsakar gidan. Ya tarar da Malam a baranda, rediyo a cinya, idanunsa sun yi fari-fari. Ya gaishe shi, ya faɗi sunansa da shekarar da ya gama.

Malam ya karkata kunne. "Sake magana in ji."

Ya sake.

"Af! Mai karɓar alli. Zauna, ɗana."

Kunya ta rufe Na-Ɗaya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya fara kame-kame, Malam ya ɗaga hannu.

"Kai ke da gaskiya ranar, na yi kuskure. Me ke tafe da kai?"

Ya yi bayani. Malam ya ce ya karanto masa tambayoyin fom ɗin. Uku ne: tun yaushe ka san shi, yaya ƙwazonsa, yaya zamansa da mutane.

Malam ya ce, "Ta biyun ko cikin barci zan amsa, ban koyar da mai kai irin naka ba. Amma ta ukun fa? In na rubuta abin da na sani, na kashe ka. In na rubuta abin da ban sani ba, na yi shaidar zur da furfurata. Wanne kake so?"

"Malam, saura mako ɗaya. In ta wuce ni, ta wuce ke nan."

"Na ji. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Su ma masu jami'ar ba don wasa suka sa tambayar ba. Shekara biyu za ka yi a ɗakin bincike da mutane, kuna aron kayan juna, kuna gyara wa juna. Suna so su san wa za su shigo da shi."

Na-Ɗaya ya miƙe zai tafi. Har ya kai bakin ƙofa, Malam ya kira shi.

"Taimaka ka duba mini kwalbar maganin nan kafin ka tafi. Sau biyu aka rubuta ko sau uku? Maƙwabciyar da ke karanta mini ta yi tafiya."

Ya duba. Sau biyu ne, kuma kwana huɗu Malam yana sha sau uku. Ya shiga ciki ɗebo masa ruwa, sai ya tsaya cak a falo. Littattafai har kusa da silin, ƙura ta lulluɓe su. Hoton matar Malam, wadda ta rasu, a bango. Kujera ɗaya ce kawai babu ƙura a kanta. Ya ji kamar ɗakinsa ya shigo bayan shekara arba'in.

Mako ya cika, aka rufe fom. Wadda kamfani ya zaɓa ita ce Maman Biyu, abokiyar aikinsa da ya fi kowa yi wa jan biro. Digirinta daraja ta biyu ce, da ƙyar ta haye sharaɗin. Amma malamanta uku ne suka yi rububin rubuta mata shaida.

Ranar da aka sanar, ofis ya kaure da murna, aka sayo lemo da biskit. Na-Ɗaya yana ɗakin gwaje-gwaje, ƙofa a rufe, yana jin dariyarsu ta bango. Ya wanke kwalaben da ya riga ya wanke. Da aka tashi ya jira kowa ya watse kafin ya fito. A gida ya ɗauki waya ya bi sunayen da ke ciki daga sama har ƙasa, bai ga wanda zai kira ya ce masa yau ransa babu daɗi ba.

Ranar Asabar da hantsi ya tsinci kansa a ƙarshen layin nan.

"Wane ne?"

"Ni ne, Malam."

"Ai na ji an rufe fom."

"An rufe. Jarida na kawo, ko in karanta maka?"

Malam ya kashe rediyo. "Jawo kujera. Kaɗe ta tukuna."

Haka aka fara. Kowace Asabar ya zo ya karanta jarida, daga baya suka koma tsofaffin littattafan. Ya nome ciyawar, ya jera magunguna a kwali ya yi wa kowanne alamar da hannu zai gane. Malam yakan maimaita labari ɗaya sau biyar, wani lokaci ya rikita shekaru. Sau da yawa gyara yakan zo har bakin Na-Ɗaya, sai ya haɗiye abinsa.

A ofis ma abin ya fara nunawa, ko da yake da kaɗan-kaɗan. Ranar da ya fara ce wa mai gadi "Ina kwana, Baba," sai da dattijon ya waiga ya ga ko da wani ake. Da Maman Biyu ta zo hutu lissafin bincikenta ya cije, ya zauna da ita awa biyu, da fensir.

"Yaya Na-Ɗaya, ina jan biron?" ta tambaya tana dariya.

"Ya ƙare," ya ce.

Shekara ta zagayo, jami'a ta sake buɗe fom. Shekarunsa sun wuce na tallafin kamfani, sai dai ya yi karatun ƙarshen mako da aljihunsa. Bai tayar wa Malam da maganar ba. Malam ne da kansa ya ce, "Kawo takardar nan." Ya kira maƙwabciyarsa ta riƙe biro, ya kori Na-Ɗaya waje. Har yau bai san abin da aka rubuta ba. Ya dai san sun fi rabin awa a ciki.

Kafin sakamako ya fito, jikin Malam ya motsa, babban ɗansa ya zo ya tafi da shi wani gari mai nisa. Ranar da takardar karɓa ta iso, Na-Ɗaya ya je gidan duk da ya san a kulle yake. Ya zauna a dakalin baranda ya kira ɗan, aka kara wa Malam waya a kunne.

"Malam, sun ɗauke ni."

"Karanto in ji. A hankali, kana da sauri."

Ya karanta tun daga kwanan wata har sa hannu.

"Madalla, ɗana. Allah ya sa albarka. To Asabar mai zuwa wa za ka karanta wa?"

Na-Ɗaya ya dubi ƙofar da kwaɗo ke rataye. "Babu kowa, Malam."

"Nemi wani. Garin nan cike yake da tsofaffi."

Darasi: Takarda tana faɗin abin da ka sani, amma mutane ne ke faɗin ko kai wane ne. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma akwai ƙofar da ƙwazo kaɗai ba ya buɗewa. Ɗalibi, ka gaishe da malamanka tun ba ka da buƙata a wurinsu. Ma'aikaci, ka san mutanen da kake wuni da su. In labarin nan ya tuna maka da wani da ka daɗe ba ka leƙa ba, kira shi yau, sannan ka tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.